Uwargida, Bari Waya Ta Riƙe Miki Lokaci



'Yar uwa, ƙirga abubuwan da kike riƙewa a ka: maganin hawan jinin Hajiya, ranar awo, zubin adashi, kuɗin makarantar yara. Mantuwa ɗaya tana iya jawo ciwo ko jin kunya. Alhali duk abin da yake maimaituwa a lokaci sananne, wayar hannunki za ta riƙe miki shi, in kin saita ta sau ɗaya.

Fara da magani. Ki buɗe agogon wayar, ki sa ƙararrawa, ki zaɓi duk ranakun mako, sannan ki rubuta mata sunan maganin, don ko 'yarki ce ta ji ta san abin da za ta miƙa.

Sai allurar rigakafi. A Najeriya ana yi wa jariri da zarar an haife shi, sai a mako 6, 10 da 14, sai wata 9 da wata 15. Tun kina jego ki shigar da ranakun a kalandar waya daidai da katin asibiti, ki sa ta tuna miki ana gobe.

Wayoyin Samsung da dama suna da Modes and Routines, iPhone kuma tana da Shortcuts tun 2018. Aikinsu ɗaya ne: idan kaza ya faru, a yi kaza. Misali, kina isa Islamiyya waya ta yi shiru da kanta, kina fita sauti ya dawo. Haka da dare, ki sa ta daina ƙara daga ƙarfe 10, amma ki ware lambar maigida da ta iyaye, domin kiran gaggawa ya shigo.

Lokacin salla kuwa yana motsawa a cikin shekara, ƙararrawar da kika kafe a wuri ɗaya za ta saɓa. Ki nemi manhaja mai lissafi da garinku, ki riƙa gwada ta da kiran sallar unguwa.

Amma hattara! Duk baƙuwar manhajar da ta nemi izinin ganin allonki da latsa abubuwa a madadinki, tana iya karanta saƙon banki. Abin da ya zo da wayar ya wadatar.

Wani abin kuma, ana iya tsara saƙo ya tafi da kansa, kuma hakan ya dace da tuna wa 'yan adashi ranar zubi. Gaida mahaifiya, duba mara lafiya da ta'aziyya kuwa, muryarki da ƙafarki suke so, domin zumunci a ƙafa yake. Lokacin da waya ta rage miki, can ya kamata ki kai shi.

Allah Ya sa wa lokacinmu albarka. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.