Kwana Ɗaya A Duwatsun Birnin Kudu: Waya Ɗaya Da Fawa Banki Ɗaya Sun Isa

Idan samari suka shirya fita daga Surko ko Gwaram don su kwana ɗaya a gefen duwatsun Birnin Kudu, jakar goyonsu takan cika tun kafin a saka ruwan sha. Lasifikar Bluetooth, laftof, fawa banki biyu, sandar ɗaukar bidiyo, ga igiyoyin caji a cukurkuɗe. Wannan kuskure ne. A gajeriyar tafiya irin wannan, waya ɗaya da aka shirya da kyau da fawa banki ɗaya sun isa, sauran wurin kuma na ruwa ne.

Wurin ya cancanci zuwa. A Dutsen Mesa da Dutsen Habude akwai tsofaffin zanen shanu a jikin dutse, da duwatsun da ke amo kamar ƙararrawa idan an buga, waɗanda masanin tarihi Bernard Fagg ya yi nazarinsu a shekarun 1950. Amma ganinsu sai da tafiyar ƙafa da hawa, kuma duk abin da ke cikin jaka a kafaɗa zai hau.

Lissafin ba wuya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. A zafin Maris da Afrilu, mai tafiya a kan dutse zai shanye lita 3 zuwa 4 a yini, ban da na alwala. Laftof da cajarta kaɗai sun kai kusan kilo 2, wato lita 2 ke nan aka bari a gida saboda na'urar da ba za a buɗe ba. Ƙishirwa tana iya kwantar da mutum, rashin lasifika bai taɓa kwantar da kowa ba.

Batun caji ma haka. Yawancin wayoyin Tecno da Infinix na yanzu suna zuwa da batir mai 5,000mAh. Fawa banki mai 10,000mAh ba ya cika irin wannan waya sau biyu, domin kusan kashi ɗaya cikin uku na wutar yana salwanta wajen tura ta. Sau ɗaya zai cika ta, da ɗan ragowa. Wanda ya bar gida da waya a cike, wannan ya ishe shi kwana biyu, muddin ya saka ta a tsarin jirgin sama. Inda sabis ke da rauni, waya tana ƙara ƙarfi wajen neman sa, batir kuma yana zuba ko ba a taɓa ta ba. Shi kuwa fawa banki mai ɗan gilashin sola a bayansa, sai ya yi kwanaki a rana kafin ya cika, ga shi zafi yana lalata batir.

Babban shirin a gida ake yin sa, inda akwai data. A sauke taswirar yankin a Google Maps ko Organic Maps, domin GPS yana aiki ko babu intanet, taswirar ce kawai ba za ta buɗe ba idan ba a sauke ta ba. A rage tsofaffin bidiyo don hotuna su sami wuri. Igiyar caji ɗaya, wadda aka gwada tana aiki.

Wasu za su ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, gara a ɗauko abu ba a yi amfani da shi ba da a neme shi a rasa. Suna da gaskiya a wuri ɗaya: waya tana faɗuwa a kan dutse ta fashe, komai kuma ya tafi tare da ita. Amma maganin wannan ba ƙarin na'ura ba ne. Abubuwa uku marasa nauyi ne: ƙaramar tocila, don kada a ƙarar da batir wajen haska kunama da maciji da dare, tsabar kuɗi, domin tiransifa ba ta tafiya inda babu sabis, da takarda mai lambobin mutum biyu na gida, tare da 112 ta neman agajin gaggawa.

Sauran kayan ba yawa: tabarma ko darduma, gidan sauro, rigar sanyi idan lokacin hunturu ne, dabino da ƙuli-ƙuli, da leda ta kwashe shara. Makiyayin da ke wuni a wannan dajin da sanda da gora da malfa ya daɗe da gane haka.

Abu mafi muhimmanci kuwa ba ya shiga jaka. A gaya wa na gida inda za a kwana da lokacin dawowa. A nemi izinin mai unguwa da masu kula da wurin, a kwana nesa da zanen, kada a taɓa shi, kada a hura wuta kusa da shi. Wanda ya yi haka zai dawo da hotuna masu kyau, da ragowar caji, da kafaɗar da ba ta ciwo.