Barkono Ba Ya Maganin Annobar Kaji

Da zarar hunturu ya kama, sai annoba ta auka wa kajin gida: kaza ta takure, ta yi koren zawo, wuyanta ya murɗe. Nan da nan uwargida za ta jiƙa musu barkono, ko ɓawon maɗaci, ko gautan kura. Wani kuma ya fasa musu kafso a ruwan sha.

Wannan cuta, wadda aka fara ganewa a 1926 a tsibirin Java da garin Newcastle na Ingila, ƙwayar bairos ke haddasa ta, alhali kafso bakteriya kaɗai yake kashewa. Babu saiwa ko ganyen da aka tabbatar yana warkar da ita. Kazar da ta tashi garkuwar jikinta ce ta cece ta, amma barkono ke shan yabo. Waɗanda suka mutu kuwa ba mai lissafa su.

Ba wai dabarun kakanni duk banza ba ne, domin wankan toka yana rage ƙwarƙwata. Sai dai wannan annoba rigakafi take bukata. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom tana sarrafa samfurin I-2 mai jure zafi: ɗigo ɗaya a ido kafin hunturu, a maimaita bayan wata 3 ko 4. Wadda ta riga ta kamu kuwa a ware ta, kada a garzaya da ita kasuwa.