Alƙaluman da anka ɗiba a kasuwarmu su dawo kasuwarmu



Ba a ɗaukar dogon lokaci ba a yi taron masana a Yamai kan alƙaluma ba. Ana kiransa atiliye. Masani ya miƙe gaban jama'a da ordinatarsa, ya haska taswirar Nijar a bango, nan ja, can kore, ya yi bayanin yadda anka haɗa farashin hatsi da yawan ruwan sama da kuɗin bisashe wuri guda, har inji ya nuna inda yunwa za ta fara leƙowa. A tafa masa, a ci abinci, a watse. Aikin nan yana da kyau, kuma yana da wuya. Tambayata ɗaya ce: manomin Dumega da anka tsayar a kasuwa anka tambaye shi nawa ne tiya, yaushe zai ji sakamakon?

Bari mu fara da abin da masanan nan ke yi, don kada a ce muna suka cikin duhu. Ƙasarmu ba ta rasa masu tattara bayani ba. SIMA tana bin farashin kayan gona a kasuwanni tun ƙarshen shekarun 1980, akwai kuma masu bin kasuwar bisashe. Cibiyar AGRHYMET tana Yamai tun 1974 tana lura da ruwa da damina. Ma'aikatar ƙididdiga INS, da anka kafa a 2004, ita ta yi ƙidayar jama'a ta 2012. Kowa da littafinsa. Aikin masanin haɗa bayanai shi ne ya sa littattafan nan su yi magana da juna, yadda mai yanke shawara zai dubi tablo ɗaya ya gane.

To nan wahalar take. Ɗauki sunan garinmu kawai. Wani ya rubuta Douméga, wani Doumega, mu kuma Dumega. Ga ɗan adam gari ɗaya ne, ga inji garuruwa uku ne. Tibiri biyu gare mu a ƙasar nan, tamu ta jihar Doso da Tibirin Gobir ta Maradi. In ba a yi hankali ba sai a zuba geron wannan cikin rumbun waccan. Kafin 2011 muna cikin gundumar Dogon Dutsi, daga nan Tibiri ta zama gunduma mai zaman kanta, ke nan duk mai son kwatanta bana da shekarun baya sai ya sake raba lissafi. Ofis yana awo da kilo, kasuwa tana awo da tiya, tiyar ma akwai mai tozo akwai shafaffiya. Sannan ga naira. Mu da ke bakin iyaka da Kebbi mun san buhun wake yana da farashi biyu, kuma canjin naira da sefa na iya motsawa tsakanin kasuwa da kasuwa. Wanda bai sa canji cikin lissafinsa ba, bai san kasuwar Arewa ba.

Duk kurakuran nan, wa ke iya gyara su cikin minti ɗaya? Dillalin hatsi, mai awo, matar da ke saida ƙuli-ƙuli tana sayen gujiya kowane mako. Su ne ba a gayyata taron. In ma an gayyace su, da farasanci ake magana.

Kada wani ya ce bayani ba ya cika ciki. Wata masaniyar tattalin arziki daga Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar tsakanin 2001 da 2006, lokacin da salula ke shigowa, ta gano bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalili? Ɗan kasuwa ya daina shiga mota don jin farashi, kira ɗaya ya ishe shi. Har yau haka abin yake: babban ɗan kasuwa kafin ya karya kumallo ya san farashin Dutsi, na Gaya, na Kamba, da canjin ranar. Ya haɗa bayanansa a ka, ba ordinatar. Manomi kuwa da kaka, bashi na wuyansa, kuɗin lakkol da na biki na jiransa, sai ya saida wake da arha, da bazara ya sayi hatsi da tsada. Mun ga yadda farashi ya rikice sa'ilin da Najeriya ta rufe iyaka a watan Agusta na 2019, da kuma bayan Yuli na 2023. Wanda ya ji labari da wuri ya tsira da jarinsa.

Saboda haka ga shawarata ga duk wanda za a ba makirofo a irin wannan taro, musamman ƴaƴan Arewa da sunka yi karatun informatik, don muna da su kuma muna alfahari da su. Kafin ka tashi, ka gwada faɗa wa gyatumarka abin da ka gano cikin magana uku da Hausa. In ba ta gane ba, jawabinka bai nuna ba. Ka faɗa wa mahalarta a fili daga wace kasuwa lambobinka sunka fito, wace rana, da wane awo. Kuma ka ware shafin ƙarshe ka nuna hanyar da sakamakon zai koma ga masu shi, da ranar da zai koma. Rapor da ya fito wata huɗu bayan kaka tarihi ne, manomi ya riga ya saida.

Hanyar ma a buɗe take. RECA, haɗin gwiwar majalisun manoma, tana amsa tambayoyin manoma ta waya da saƙon murya na WhatsApp cikin harsunan gida. Rediyoyin karkara suna nan, mutane na kunna su a gona da rumfar mai shayi. A ba mu takarda guda kowane mako: farashin tiya a kasuwanni biyar mafi kusa, canjin naira, rago nawa ke sayen buhun gero, da yadda abin yake bara war haka. Ƙungiyar da ke shawarar ajiye wakenta a magaza ta ci bashi a kansa, abin da ake kira warantaji, da wannan takardar za ta san ko jiran zai biya. Minti biyar ya isa mu karanta ta.

Masu shirya taro kuma, ku ɗauko ɗaya daga cikin goma ku kawo shi Dutsi ko Tibiri, ku sa sarkin kasuwa a kujerar gaba. Zai gyara muku lambobin da inji bai gani ba.

Mu ma kada mu zauna jira. Duk wanda ya ci kasuwa makon nan, ya turo mana farashin tiyar gero da ta wake, da sunan kasuwar, da ranar. Za mu haɗa, mu karanta a shiri.

Allah ya ba mu damina mai albarka da kasuwa mai adalci.