Mai son barin tramol ya fara da sauya fada

 

Da aka ce kowa ya kawo abin da za a sa cikin littafin bana, na so in rubuta kan ladabin ɗalibi kamar yadda aka saba. Sai na tuna da wani abokina da muka yi karatun allo tare, yanzu yana kabu-kabu a nan Damagaram. Ba zan faɗi sunansa ba, amma da izininsa nake wannan magana.

Da ƙwaya guda ya fara, cikin kofi da safe, wai don ya jure rana da gajiya. Kafin shekara ta zagayo ya kai huɗu a yini. Tramol ɗin da likita ke rubuta wa mai ciwo yawanci miligiram 50 ne, kuma ba a wuce 400 a yini. Wanda ake saye a ɓoye kuwa akwai mai 225, ke nan biyu kawai sun zarce iyaka. Ran da ya faɗi bakin tasha yana shure-shure, mutane suka ce aljanu ne. Ba aljanu ba ne, yawan tramol na kawo irin wannan faɗuwa kamar ta farfaɗiya.

Ni a ganina, "ka ji tsoron Allah ka bari" gaskiya ce, amma ita kaɗai ba ta isa ba. Wallahi ya san haramun ne, ya fi ni sani. Sau uku yana rantsuwa ya bari. Kwana biyu sai ciwon jiki, zufa, gudawa, ƙafafu su ƙi tsayawa wuri guda, barci ya gagara. A na uku ya koma, ga kunya ta ƙaru a kan ta da. Mu kuma mu ce ba ya da imani, alhali jikinsa ne ya saba.

Mun karanta cewa ba a rana guda aka haramta giya ba: an yi maganarta a Baƙara, aka hana kusantar salla cikin maye a Nisa'i, sannan hani ya kammala a Ma'ida. Da na kawo wannan a aji, Malam ya ce in yi hattara, hukunci ya riga ya tabbata, ba wanda zai fake da shi ya ce yana sha kaɗan-kaɗan. Na yarda. Amma wanda ke ragewa da niyyar fita, marar lafiya ne da ke jinya. Shi ya sa gara ya je likita a tsara masa yadda zai rage. Mai haɗawa da diazepam ma ya fi bukatar haka, don yanke shi dare ɗaya na da haɗari.

Sauran aikin nasa ne. Abokina ya samu ɗan littafi yana rubuta ko nawa ya sha da lokacin da ya sha, sai ya gano ta safe ce kawai ta aiki, sauran duk na zaman fada ne bayan isha'i. To nan gizo ke saƙa. In dai wurin da kake shan shayi nan ake miƙa maka, ko ka rantse da Alƙur'ani sau goma za ka karɓa, don ba ka son a ce ka zama ustazu. Ya bar fadar, ya bar bin layin mai sayarwa ko da zai ƙona mai ya zagaya. Kuɗin da ya samu kuma, da magariba yake kai wa innarsa, ya riƙe na mai da na abinci kawai. Yana cewa sha'awar takan taso kamar hadari, in ya yi alwala ya fita ya taka ƙasa na ɗan lokaci sai ta lafa.

Ya zame sau biyu. Na biyun a bikin wani abokinsu ne. Da safe ya kira ni yana cewa komi ya lalace, na ce a'a, ɗauko littafinka ka rubuta, mu ci gaba daga inda muka tsaya.

Abin da ya fi yi masa wuya shi ne dare, don wanda ya bar fada ba ya da wurin zama. Mu ɗaliban madarasa muna da tabarma da buta, muna yin muraja'a bayan isha'i, amma in muka hango irinsu sai mu sauya hanya kada a ganmu tare. Ni ma na yi haka kusan shekara. Yanzu yakan zo wurinmu Litinin da Alhamis, shi ke dafa shayi, ya fi mu duka iyawa. Ya koma kan izu biyun da ya bari, ƙwayar kuma saura rabi da safe, likita ya ce bayan salla za su duba ko a cire ta.