A kawo mana ɗaliban ido su koyi aiki a Gure, amma tare da malaminsu

Duk sa'ad da aka yi shelar zuwan ayarin likitocin ido na kyauta, kun san yadda layi ke kasancewa: tsofaffi daga Kelle, Bune da Gidigir, wani a amalanke, wani jika na ja masa sanda. Kwana kaɗan an naɗe kaya an tafi. Allah ya saka musu da alheri. Sai dai ido ba ya jiran shela. Wanda ciwonsa ya tashi bayan tafiyarsu, sai ya nemi kuɗin mota zuwa Damagaram, tafiyar fiye da kilomita 150, ko ya zarce asibitin Makka na Maraɗi, ko Kano.

Mu a ganinmu abin da Gure ke buƙata shi ne ɗakin duba ido na kullum, wanda kuma zai zama wurin koyon aiki ga ɗalibai.

Ba sabon abu ba ne. Cibiyar IOTA ta Bamako, da aka kafa a 1953, da haka take horar da ma'aikatan ido na ƙasashenmu: ana koyo, ana duba marasa lafiya a gida guda. A Kano, Jami'ar Bayero na da sashen koyar da auna gani, kuma a Najeriya karatun nan shekara 6 ne, ƙarshensa duk a gaban majinyata ake yi. Mai auna gani ba ya fiɗa. Shi ke gwada ƙarfin ganinka, ya rubuta maka tabarau daidai da idonka, ya gano cuta tun da wuri ya tura ka wurin babban likita.

Mun san abin da wasu za su ce: ba za a koyi aski a kanmu ba. Suna da gaskiyar tsoro, ido ba abin wasa ba ne. To ga yadda tsarin yake in an bi shi daidai. Ɗalibi zai tambaye ka tarihin ciwon, ya sa ka karanta allo daga nesa (wanda bai yi lakwal ba akwai allo mai alama, da hannu kawai zai nuna inda ta fuskanta), ya gwada maka gilasai ɗaya bayan ɗaya, ya auna hawan jinin ido, ya leƙa can ciki da fitila. Sannan malami ya zo ya sake dubawa, shi ke sa hannu a takarda. Ka ga sau biyu ke nan aka duba ka. Za ka daɗe a zaune, wannan kam gaskiya ne, amma mai sayar da tabarau a tire cikin kasuwa minti nawa yake ba ka?

Shi tabarau na kasuwa yakan taimaki tela ko malamin allo da ya haura shekara 40, ya zura zare, ya ga rubutu. Abin da ba ya yi shi ne gano hawan jinin ido, ciwon da ke cin gani daga gefe ba zafi ba ƙaiƙayi, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Haka ma ɗigon ido da ake saye barkatai lokacin ƙurar hunturu, wasunsu in an daɗe ana ɗigawa su ke tada wannan ciwo. Ba a maganar masu tura yanar ido da tsinke a ƙauye.

Nijar ta nuna tana iyawa. A watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar mun kawar da makantar da ƙudan rafi ke haddasawa, mu ne na farko a Afirka. A yaƙi da amosanin ido nan yankin Damagaram, malaman jinya aka horar suka riƙa gyara fatar idon da gashinta ya juya ciki, ba a jira manyan likitoci daga Yamai ba.

Don haka muna kira ga sashen kiwon lafiya na Jami'ar André Salifou, da makarantar ENSP ta Damagaram, da hukumar kula da lafiyar ido ta ƙasa, su sa asibitin Gure cikin wuraren da ake tura ɗalibai. Sharaɗinmu dai kar a turo yara su kaɗai, malami na Damagaram yana amsa waya. Ranar da ba malami, a rufe ɗakin. A faɗa wa majinyaci cewa ɗalibi ne zai fara duba shi, in ya ƙi a ƙyale shi. A samu rajista, don wanda aka tura fiɗa a san ko ya je. A kuma haɗa da ƙaramin wurin yanka gilashi, domin takardar tabarau ba ta da amfani in sai an je birni a yanko.

Namu aikin shi ne masauki. Ɗalibi ba zai zo wata uku yana biyan haya daga aljihunsa ba. Magajin gari da ƴan kasuwarmu da ƴan Gure mazauna waje za su iya samar da ɗaki biyu kusa da asibiti, kuma a fara tura ƴaƴanmu wannan karatu tun daga shekarar nan.