RA'AYINMU: Kasuwar 'Yan Hokin Ƙanƙara, Wa Ke Ciniki, Wa Ake Cinikinsa?

Ran 1 ga watan Yuli ita ce ranar bikin ƙasa a Kanada, amma ga masu sha'awar wasan hoki na ƙanƙara ranar tana da wata ma'ana dabam. A yawancin shekaru, ran nan ce da tsakar rana ake buɗe kasuwar 'yan wasan babbar gasar nan da ake kira NHL, wadda ta ƙunshi kulob 32, bakwai a Kanada, saura a Amurka. An riga an ba da Kofin Stanley cikin watan Yuni, an tashi wasa, sai kuma manajoji su kama buga waya. Duk ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare, in ya cika sharuɗɗa, yana da ikon ya sa hannu inda ya ga dama. Wanda nasa bai ƙare ba kuwa ana iya musanya shi da wani, a tura shi garin da bai taɓa mafarkin zama ba, ba tare da an ko shawarce shi ba.

Wataƙila mai karatu ya ce ina ruwan biri da gada, mu da ba mu da ƙanƙarar da za a yi gudu a kanta. Abin da ya ja hankalinmu shi ne tambayar da ke ƙarƙashin cinikin, watau wa ke da iko da ƙarfin ma'aikaci da basirarsa, shi ko wanda ya ɗauke shi aiki? Wanda ke shirin gama jami'a ya sa hannu a takardar aiki, da wanda ya riga ya sa, bai kamata wannan tambaya ta zame musu baƙuwa ba.

A da can babu ma tambayar. Cikin kowane kwantiragi akwai wani sharaɗi na riƙo, wanda ya ba kulob ikon sabunta shi shekara bayan shekara, har ɗan wasa ya tsufa ko a gaji da shi. Kulob shida ne kawai a gasar, kuma iyalin Norris suna da hannu a uku daga cikinsu. A watan Fabrairu na 1957 Ted Lindsay na kulob ɗin Detroit, tare da Doug Harvey na Montreal da wasu, suka ba da sanarwar kafa ƙungiyar 'yan wasa, musamman don su san yadda ake sarrafa kuɗin fanshonsu. Lindsay bai taɓa yin kakar wasan da ta kai ta wannan shekara kyau ba, amma da hutu ya zo, cikin watan Yuli, sai manajansa Jack Adams ya tura shi Chicago, kulob ɗin da ke can ƙarshen layi. Kowa ya gane karatun. Ƙungiyar ta watse, ba a sake kafa wata mai ɗorewa ba sai 1967. Ke nan tun farko musanye bai tsaya ga neman gyara kulob kaɗai ba, bulala ce kuma da ake nuna wa mai ɗaga murya.

Abin da ya fasa wannan ƙangi ba tausayin masu kulob ba ne. Kishiya aka yi musu. A 1971 aka kafa wata gasa, WHA, kuma cikin watan Yuni na 1972 kulob ɗinta na Winnipeg ya ɗauke Bobby Hull daga Chicago, aka damƙa masa dala miliyan 1 ladan sa hannu kawai. Hukumar NHL ta kai ƙara, aka kuma hana Hull shiga tawagar Kanada da ta kara da Tarayyar Sobiyet a watan Satumba na shekarar. A watan Nuwamba alƙali Leon Higginbotham a Philadelphia ya hana a yi amfani da sharaɗin riƙo a tsare masu son tafiya. Albashi ya tashi a gasannin biyu. Da WHA ta rushe a 1979, NHL ta haɗiye kulob huɗu daga cikinta, kasuwa ta koma hannun mai saye ɗaya.

Aka kuwa fito da wata dabara. Ɗan wasa yana da 'yanci a takarda, amma duk kulob ɗin da ya ɗauke shi sai ya biya diyya mai nauyi. A duba abin da ya sami Scott Stevens. A 1990 ya bar Washington ya sa hannu a St. Louis da son ransa, St. Louis ta biya diyya da damar zaɓen matasa a zagayen farko har sau biyar. Da shekara ta kewayo St. Louis ta ɗauko Brendan Shanahan daga New Jersey, aka kasa daidaitawa kan diyya, sai mai sasantawa ya yanke cewa Stevens ɗin kansa shi ne diyyar. Mutumin da ya zaɓi garinsa bara, bana an biya bashi da shi. Ya ƙi zuwa da fari, daga baya ya haƙura, har ya jagoranci New Jersey ta ci kofi a 1995 da 2000 da 2003. Masu kare tsarin sukan kawo wannan nasara a matsayin hujja, kamar dai daɗin ƙarshe yana wanke rashin tambayar farko.

Babu dai cinikin da ya tona asirin al'amarin kamar na ran 9 ga watan Agusta, 1988. Wayne Gretzky yana da shekara 27, ya ci wa Edmonton kofi sau huɗu cikin shekara biyar, babu kuma mai gardamar cewa shi ne gwanin gwanayen wasan. Mai kulob ɗin, Peter Pocklington, ya miƙa shi ga Bruce McNall na Los Angeles tare da Marty McSorley da Mike Krushelnyski, ya karɓi Jimmy Carson da Martin Gelinas, da damar zaɓe uku na zagayen farko, da tsabar kuɗi dala miliyan 15. Gretzky ya zauna gaban 'yan jarida yana share hawaye. Wani ɗan majalisar tarayya, Nelson Riis, ya nemi gwamnati ta hana cinikin, mutanen Edmonton kuma suka ƙona mutum-mutumin Pocklington. Wasu ma suka ɗora laifin a kan amaryar Gretzky, wadda aka ɗaura musu aure wata guda kafin nan, don kawai 'yar Amurka ce mai wasan fim. Haka mutane suke, in sun rasa yadda za su yi da mai kuɗi sai su huce a kan mace.

Abin lura a nan shi ne, wannan ba shi ne karo na farko da aka sayar da Gretzky ba. Tun yana ɗan shekara 17, a 1978, kulob ɗin Indianapolis ya sayar wa Pocklington shi don kuɗi sun yanke masa. Yadda aka saye shi haka aka sayar. Pocklington ya lissafa cewa kwantiragin zai ƙare wata rana, darajar haja tana raguwa da shekaru, gara ya karɓi kuɗinsa tun kasuwa tana ci. In har wanda ya fi kowa iya wasan ba shi da tabbacin zama a garinsa, to, ina ga ɗan bayan da ba a san sunansa ba? Edmonton ta sake cin kofi a 1990 ba tare da shi ba. Los Angeles ta kai wasan ƙarshe a 1993 ta sha kashi a hannun Montreal, McNall kuwa daga baya ya amsa laifin zamba ya tafi kurkuku. Waɗanda suka ci riba sosai su ne masu gasar, domin kuwa farin jinin Gretzky ya buɗe musu kasuwa a jihohin da ba a sanyi. Aka kafa kulob a San Jose da Tampa da Anaheim da Florida, kana kulob ɗin Quebec ya koma Denver a 1995, na Winnipeg ya koma Phoenix a 1996.

Tsarin da ake bi yanzu ya samo asali ne daga rikicin 2004, lokacin da masu kulob suka kulle filayen wasa har aka yi asarar kaka guda cur, ba a ba da kofi ba a 2005. 'Yan wasa suka koma bayan sun yarda a zaftare musu kashi 24 cikin 100 na albashi, aka kuma ƙayyade abin da kowane kulob zai iya biyan dukkan 'yan wasansa, dala miliyan 39 a shekarar farko. Iyakar ta kai miliyan 95.5 a kakar 2025 zuwa 2026. Abin da suka samu a madadin haka shi ne saukar da shekarun samun cikakken 'yanci sannu a hankali zuwa 27, ko kuma bayan kaka bakwai a gasar. Abin dariya, masu kulob ɗin da suka kafa iyakar su ne suka fara neman hanyar kewaye ta. A 2010 New Jersey ta ba Ilya Kovalchuk kwantiragin shekara 17 a kan dala miliyan 102, aka soke shi don a fili yake cewa shekarun ƙarshe na ƙarya ne. A 2012 Minnesota ta ba Zach Parise da Ryan Suter shekara 13 da miliyan 98 kowannensu, ba a yi wata uku ba aka sake kulle filaye ana kukan cewa albashi ya yi yawa. Rabon 'yan wasa daga kuɗin shiga ya sauko daga kashi 57 zuwa 50. Mai gida ya kasa riƙe hannunsa a kasuwa, bara ne ya biya.

Amma abin da ya fi ba mu takaici shi ne mudu biyu da magoya baya ke awo da su. P. K. Subban ya lashe kyautar ɗan bayan da ya fi kowa a 2013, ya sa hannu a kwantiragin shekara takwas da Montreal, a 2015 kuma ya yi alkawarin tara wa asibitin yara na birnin dala miliyan 10. Ran 29 ga watan Yuni, 2016, saura kwana biyu sharaɗin da zai hana a musanya shi ya fara aiki, aka tura shi Nashville aka karɓo Shea Weber. An yi ta gunaguni, amma daga ƙarshe aka ce harka ce ta kasuwanci. Bayan shekara biyu John Tavares ya cika kaka tara a New York Islanders, bai karya ko sharaɗi ɗaya ba, ya zaɓi Toronto, kulob ɗin da ya taso yana so, a kan shekara bakwai da dala miliyan 77. Da ya dawo wasa a watan Fabrairu na 2019 aka yi masa ihu ana kiransa maci amana, har da jefa macizan roba. Ana iya cewa da ya faɗa musu tun wuri da sun musanya shi sun sami wani abu. To, amma wannan hujja ma cewa take yi laifinsa shi ne bai bari an sayar da shi ba.

Ba mu manta da cewa waɗannan mutane ba talakawa ba ne. Mafi ƙanƙantar albashi a kakar 2024 zuwa 2025 dala 775,000 ne, kuɗin da malamin makaranta ba zai gani ba ko a mafarki. Mun kuma yarda cewa in babu wata iyaka, manyan birane za su kwashe gwanaye su bar ƙananan garuruwa irin su Winnipeg da ƙwarya a hannu. Sai dai yawan albashi bai amsa tambayar 'yanci ba. Yaro ɗan shekara 18 ana zaɓensa ne, ba shi ke zaɓe ba, kuma shekarunsa na ƙarfi duk suna cikin zangon da ba shi da cikakken iko da kansa. Da yawa rauni ko gazawa kan fitar da su kafin su kai 27. Sharaɗin hana musanye kuwa sai wanda ya kai waɗannan shekaru, kuma yake da bakin magana, shi ke samunsa.

Ƙungiyar 'yan wasa ma ba ta tsira daga zargi ba. Alan Eagleson, wanda ya shugabance ta daga 1967 zuwa 1991, ya fi kusa da masu kulob fiye da waɗanda yake wakilta, a 1998 kuma ya amsa laifin zambatarsu aka ɗaure shi. Tun bayansa ƙungiyar ta fi mai da hankali ga kason kuɗi, wanda manyan taurari suka fi amfana da shi.

A 2025 ɓangarorin biyu sun sabunta yarjejeniyarsu har zuwa 2030 ba tare da an kulle fili ko an tafi yajin aiki ba, aka kuma rage tsawon kwantiragi zuwa shekara bakwai ga wanda ya zauna a kulob ɗinsa, shida ga wanda ya koma wani. Shekarun samun 'yanci suna nan yadda suke. A ganinmu nan ne ya kamata ƙungiyar ta sa ƙarfinta in an koma teburi, watau a sauko da shekarun ƙasa da 27, kuma duk wanda ya yi wa kulob ɗaya aiki na wasu shekaru a ba shi ikon ƙin musanye, ko tauraro ne ko ɗan benci. Masu kulob za su ce hakan zai rusa gasar, kamar yadda suka faɗa a 1957 da 1972, alhali kuwa daga kulob shida gasar ta kai 32.