Kada Mu Cinye Albashin Gobe Tun Yau

'Yan'uwa malamai, an ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Haka ne, amma hanjin da ya kumbura har ya hana mai shi numfashi ya zama ciwo. Halin da muke ciki ke nan tun da wakilan masu ba da rance suka mai da ofisoshin makarantunmu kasuwa, suna yawo da takardu kamar masu tallar goro, suna alkawarin kuɗi kafin la'asar.

Mu yi lissafin da muke koya wa 'yan aji shida. Wanda ya karɓi naira 200,000 bisa ruwan kashi 5 cikin 100 a wata zai riƙa biyan naira 10,000 na ruwa kaɗai. A shekara guda ruwan ya kai 120,000, wato 320,000 zai mayar. Ko ya biya rabin uwar kuɗin, ruwan ba ya raguwa idan a kan adadin farko ake lissafa shi. Wakilin ba zai taɓa furta kashi 60 ba, kashi 5 zai yi ta nanatawa.

Hujjarsu ita ce albashin gwamnati tabbas ne. Mu da muka ga 2015 da 2016 mun san akasin haka. Da farashin ɗanyen mai ya faɗi, jihohi da dama sun yi watanni ba su biya ma'aikata ba, amma ruwa da tarar jinkiri ba su tsaya jiran kowa ba. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024, ta lashe auki daga mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Har yau albashinmu daga kason tarayya yake fitowa, kason kuwa yana hawa da sauka tare da farashin mai. Ran da mai ya sake faɗuwa, wanda ya jinginar da rabin albashinsa shi zai fara kwana da yunwa.

Za a ce ba don marmari malami yake cin bashi ba. Mun yarda, asibiti da kuɗin haya ba sa jira. Sai dai bashin magani daban, bashin gasar kayan ɗaki, da sabuwar waya, da bikin kwana uku daban. Mafi muni shi ne rancen manhajojin waya, masu aika wa surukan mutum da iyayen ɗalibansa saƙon tozarci, da kuma cin bashi don zubawa a harkar ninka kuɗi, kamar ba mu ga yadda MMM ta ƙare a 2016 ba.

Saboda haka kowane gida ya zauna, miji da mata, a rubuta bashin da ke kansa, a fara kashe mai ruwa mafi tsada. Kada mu tsaya wa kowa a kan adadin da ba za mu iya biya da kanmu ba. Mu koma ga adashi da asusun gama-kai na malamai, mu kuma nemi a riƙa karanta mana lissafinsa a bainar taro. Dokar ƙwadago ta hana cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na albashin ma'aikaci a wata, don haka reshenmu ya dage a yi aiki da wannan ma'auni kafin a sa hannu a kan kowace takardar rance.

Gemun maƙwabta ya riga ya kama da wuta. Mu shafa wa namu ruwa tun albashi yana shigowa.